Na Je Lyon Ɗauko Auta

Damagaram zuwa Yamai

Ba a kira asuba ba muka fita daga gida. Malam da kansa ya ɗaukar mini balis, akwatin tafiyata, har tasha, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa. Da na tsaya ina kallonsa sai ya ce wai kafaɗarsa ce ta yi tsami, yana son ya motsa ta. Kafin in hau mota ya matso kusa ya rage murya.

"Ki je ki gani da idonki. In abin da muke zato ne, ki kwashe shi ki kai shi gidan Hadiza. In ya yi gardama, ki haɗa ni da shi a waya."

Na ce to.

Wanda ake magana a kansa shi ne autanmu, Laminu. Shekara biyu ke nan da ya tafi Lyon ta Faransa karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa, wato yadda ake gane inda ruwa yake kafin a haƙa rijiya. Yaron da tun yana ƙaramar lakwal bai taɓa maimaita aji ba, sai ga shi shekarar farko a can ya faɗi jarrabawa warwas. Muka tambaya, ya ce sanyi ne da baƙunta. Muka haƙura. Sai ran nan na kira shi ta bidiyo, na hango bayansa buta bisa ɗan murhu, ƙananan kofuna a jere, karta a baje, ga samari sai ƙyalƙyala dariya suke. Na ce, "Auta, ina ne nan?" Ya ce, "Fadarmu ce, Inna."

Ku da kuka san ni kun san ra'ayina a kan fada. Shekarun da na yi ina aikin ungozoma, kullum in na taso daga likita, wato asibiti, sai na ratsa su a bakin titi, tun la'asar an kafa buta, ana karta ana kallon masu wucewa. Da yawansu ni na karɓi haihuwarsu, shi ya sa abin yake ci mini rai. Ina alfahari Laminu bai taɓa zama cikinsu ba. Ashe sai ya ƙetare teku zai same ta. Ƙanwata Hadiza tana aure a Paris, ita ta ce akwai ɗaki a gidanta, a maido shi can ya nemi jami'a kusa da su. Abin da ya fito da ni ke nan.

Ruwan farko ya sauka kwana kaɗan kafin tafiyata, don haka tun daga Tasawa har Maradi mutane ne cikin gonaki suna shuka, ƙasa ta yi duhu tana ƙamshi. Kowane shinge a sauko, a nuna takarda, a koma. A Ƙonni wani matashin jandarma ya buɗe fasfona ya ga biza, ya ce, "Hajiya, Faransa za ku? Ku gaida mana sanyi." Mun shiga Yamai bayan isha, ƙafafuna sun kumbura kamar ba nawa ba. Na kwana biyu gidan ɗan'uwana, sannan jirgi ya ɗauke ni ta Kazablanka.

Paris, unguwar Aubervilliers

Mun sauka da hantsi. Wani ɗan duwan, wato kwastan, mai farin gashin baki ya sa na buɗe balis. Ya ɗaga ledar zogale, na ce ganye ne. Ya ɗaga kuka, na ce wannan ma ganye ne. Da ya kai ga daddawa ya kwance ƙullin ya kai hanci, sai ya ja da baya da sauri.

"Madam, wannan fa?"

"Wake ne," in ji ni. "Sai dai ya sha wuya kafin ya zama haka."

Ya yi dariya ya ɗaure mini da kansa.

Hadiza tana jirana a waje, ta yi ƙiba, ta yi haske. Muka rungume juna muka ɗan yi kukanmu, sannan muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka, muka sake shiga na ƙarƙashin ƙasa. Unguwarsu ba Paris ɗin da muke gani a hoto ba ce. Manyan shagunan sari ne jere da juna, rubutun Sin a ƙofofi, samari baƙaƙe suna tura amalanke cike da kwalaye. A nan mijinta yake aiki. Ina tafe na ji wani yana faɗa wa wani a waya, "Wallahi kayan ba su iso ba," na waiga da sauri kamar an kira sunana.

Ta nuna mini ɗakin da ta gyara wa Laminu. Gado, tebur, sabon labule.

"Yaya, nan zai huta," in ji ta. "Ba mai damunsa. Mu duka da safe muke fita, sai yamma."

Abin da ya fi rikita ni rana ce. Na yi la'asar, na zauna jiran magariba, na gaji na yi gyangyaɗi, na farka, rana tana nan. Haske ne mai laushi, ba zafi, yana kwance bisa rufin gidaje kamar ya manta hanyar gida. Hadiza ta fitar da ni bakin kogi a cikin wannan hasken. Muka tsaya bisa wata gada, jiragen ruwa suna wucewa ƙarƙashinmu a hankali, doguwar hasumiyar ƙarfen nan tana can nesa cikin shuɗin sama. Ban ji kamar na zo wani wuri ba. Ji na yi kamar barci nake a Damagaram, wani yana nuna mini hotuna.

Washegari kowa ya fita, aka bar ni ni kaɗai. Na share inda ba datti, na wanke kofin da ba a sha komai da shi ba. Ba sallama, ba kukan akuya, ba mai tallar nono. Sai gurnanin firigo. Na leƙa taga na ga wata tsohuwa a benen da ke kallonmu ita ma tana leƙe. Na ɗaga mata hannu, ta saki labule. Kafin azahar na kama kaina ina magana da tukunya.

Jirgin Lyon

Ranar asabar Hadiza ta raka ni babbar tashar jiragen kudu. Ta saya mini kafe da ɗan burodi. Da na ji kuɗinsu na ce a maida, ta ce ba a maidawa.

Jirgin ya tashi ba ƙara, ba girgiza. Gari ya ƙare, gonaki suka fara. Alkama ta nuna jawur har iyakar gani, sai kore, sai fararen shanu a tsaye kamar an dasa su, sai ɗan ƙauye mai dogon coci a tsakiya, kafin ka ƙare kallonsa ya wuce. Duk faɗin gonakin nan ban ga mutum ko ɗaya ba. Na dinga tambayar kaina wa ya shuka, wa zai girbe. Barci ya ɗauke ni. Na ga Laminu yana ƙarami, yana tafiya cikin alkamar, kansa kawai ake gani, ina kira ba ya waiwaye. Matar da ke gefena ce ta taɓa ni ta ce mun kusa. Awa biyu ce kawai, tafiyar da a gida za ta cinye yini.

Na zaci shi kaɗai zan tarar. Ina saukowa na ga samari huɗu sun jeru. Laminu ya durƙusa a nan cikin tasha, Turawa suna ratsa shi. Ya rame kaɗan, amma idonsa tar. Wani dogo baƙi ya karɓe balis ɗina.

"Mama, sannunku da hanya. Ni Mahamat, daga Cadi. Hausata ta kasuwa ce, ku yi haƙuri da ita."

Wani kuma mai tabarau, da gani ya girme su, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo da harshen Tawa, ya tambayi Malam, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiya. Laminu ya ce, "Inna, wannan Haruna ne, shugaban fadarmu."

Na ce, "Uhm." Iyakar abin da na ce ke nan.

Muka shiga metro, muka fito muka hau taram har Bron, inda jami'a take. Laminu ya bar mini ɗakinsa a gidan ɗalibai, shi zai kwana wajen Mahamat. In ka miƙa hannu biyu a ɗakin sai ka taɓa bango da bango. Na duba ko'ina kamar mai neman ɓeraye. Littattafai na gani, da tabarmar salla, da hotona ni da Malam.

Lahadi, bakin kogin Rhône

Haruna ya aiko a ce mini fada tana gayyatata. Na ce zan je, ai abin da ya kawo ni ke nan.

Sunanta Fada Bakin Ruwa. In da zafi a bakin kogi suke haɗuwa, in sanyi ya shigo su koma ɗakin wani. Sun fi goma, daga Maradi, Tawa, Agadas, Dosso, da Mahamat, da wani ɗan Garwa ta Kamaru. Suka shimfiɗa mini darduma ƙarƙashin wata babbar itaciya. Kogin faɗi gare shi, ruwansa kore-kore, yana tafiya ba hayaniya, fararen tsuntsaye masu dogon wuya suna yawo a kai. Can ƙetare gidaje sun hau tudu, ja da rawaya, wani farin coci a ƙololuwa.

Aka kunna ɗan murhun gas. Kafin a zuba shayin farko Haruna ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kira sai ya faɗi yadda satinsa ya wuce. Wani ya ce malaminsa ya maido masa da aiki. Wani ya ce haƙori ya hana shi barci, nan take aka sa wanda zai raka shi likita. Aka kira wani suna, shiru.

"Wa ya gan shi satin ga?" in ji Haruna.

"Na gan shi laraba a laburare," in ji ɗan Garwa.

"Laraba ta yi nisa. Kira shi."

Aka kira, ya ce yana aiki a shago, a ajiye masa shayi na uku. Sai da aka ji muryarsa sannan aka ci gaba.

Na tambayi Haruna mene ne amfanin wannan. Ya gyara tabarau.

"Hajiya, dokokinmu ba su da yawa. Duk wanda ya zo sabo, muna tarbo shi tasha, mu ba shi rigar sanyi, mu ba shi yaya guda cikinmu. Ba mai cin abincin juma'a shi kaɗai. Kuma ba mai ɓacewa a ƙyale shi."

Na ji, amma ban sauko ba, don daga nan aka fito da karta. Aka yi musun ƙwallo har jijiyar wuya ta tashi. Biyu suka kusa faɗa a kan siyasar gida, sai da Mahamat ya shiga tsakani. Sukarin da suke zubawa a buta kuwa, ni da na yi aikin likita sai da na kau da kai. Na ce a raina, fada dai fada ce, ko an kai ta bakin kogin Turawa.

A taram muna komawa na faɗa wa Laminu.

"Ni da babanka mun yanke shawara. Za ka koma Paris gidan Hadiza. Ka fara haɗa kayanka."

Ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya ce, "To, Inna."

Na so ya yi gardama. Wannan "to" ɗin ta kwana tana damuna.

Vénissieux

Litinin da sassafe Laminu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mahaifin Haruna ya rasu a Tawa bayan asuba.

Muka kama hanyar Vénissieux, inda Haruna da Mahamat suke haya a hawa na sama cikin dogayen benayen Minguettes. Mun tarar da Haruna zaune a ƙasa, waya a hannu, tabarau a gefe. Ba ya kuka. Takardar zamansa tana wajen sabuntawa, in ya fita ƙasar ba lallai ya iya dawowa ba, ga shi saura kaɗan ya gama digirinsa. Ko da ma yana da fiffike, kafin azahar za a rufe tsohon. Shugaban da jiya yake kiran suna da murya mai ƙarfi, yau ko "lafiya lau" ta gagare shi.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Laminu, yaron da a gida ko baƙi aka yi sai ya ɓuya a ɗaki, shi ya karɓi wayar daga hannun Haruna. Ya yi magana da kawunsa a Tawa, ya sa aka riƙe wayar a buɗe lokacin sallar gawa don Haruna ya ji kabbara. Ya raba aiki: wane ya sanar da malamin Haruna, wane ya karɓi aikinsa na dare a sito, wane ya aro tabarmi daga masallaci. Ya zuge labule, haske ya shigo. Sannan ya zo ya zauna jikin Haruna, kafaɗa da kafaɗa, ya miƙa masa kofin ruwa.

"Ba na sha," in ji Haruna.

"Na sani. Kurɓa ɗaya kawai. Ba sai ka yi magana ba, ina nan."

Ya kurɓa.

Kafin la'asar ɗakin ya cika. Ƴan fada duka, har wanda bai zo jiya ba, da biyun da suka kusa faɗa, suna zaune gefe guda suna jan carbi. Tsofaffin ƴan Nijar da ke aiki a masana'antu suka zo ta'aziyya, ɗalibai mata suka zo da nasu kwanoni. Na duba na ga duk ɗakin ba uwa sai ni. Na ɗaura zane na shiga kicin, na kwance zogalen da na kawo wa Laminu, na ɗora dambu.

Mahamat ne yake yanka mini albasa. Na ce masa ban san Auta ya iya irin wannan ba.

"Ai Mama, a jikinsa ya koya," in ji shi. "Duk abin da kuka ga yana yi, haka Haruna ya yi masa lokacin da…"

Ya katse maganar. Wuƙar ma ta tsaya.

"Lokacin da me?"

"Mama, ku gafarce ni. Shi ya kamata ya faɗa muku."

Ban matsa ba. Na ci gaba da turara dambu.

Da aka kai wa Haruna kwano ya ɗebi loma guda, ƙamshin zogale da man gyaɗa ya bugi hancinsa, sai kukan da ya riƙe tun safe ya ɓalle. Ya ce haka innarsa take yi. Na je na dafa kansa, na bar shi ya yi mai isarsa. Ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Har aka yi sadakar uku ba a bar shi shi kaɗai ba ko na ɗan lokaci, in wannan ya tafi aji wancan ya zo.

Inda koguna biyu suka haɗu

Bayan sadakar uku Laminu ya ce zai kai ni wani wuri. Muka hau taram har ƙarshen gari ta kudu, muka taka zuwa wani ɗan tsinin ƙasa. Kogi ta dama, kogi ta hagu. Ɗaya kore, ɗaya ruwan ƙasa, sun haɗu amma kowanne yana tafe da launinsa, sai can nesa suke gaurayewa. Wata tsohuwar hanyar jirgi ta gangara ta shige cikin ruwa ta ɓace. Muka zauna bisa dutse.

"Mahamat ya ce ya yi suɓutar baki," in ji shi.

"Ina jinka."

Bai dube ni ba, ruwan yake kallo.

"Sanyin farko, Inna, ban san abin da ya same ni ba. Rana ba ta fitowa sai an daɗe, kafin la'asar ta faɗi. A aji ba mai yi mini magana, ni ma ban san ta inda zan fara ba. Sai na fara makara, sai na daina zuwa. Na rufe labule. In kun kira in wanke fuska in ce lafiya lau, in kun kashe in koma in kwanta. Abinci ba ya shiga. Ban san kwana nawa na yi ba. Har na fara jin in na ɓace ma ba wanda zai rasa komai."

Na riƙe bakin mayafina da ƙarfi.

"Da na zo sun tarbe ni a tasha, sun ce in riƙa zuwa fada. Na ƙi, don na san ba kwa so. Amma Haruna ne aka ba ni yaya, shi bai cire ni daga ransa ba. Da ya ga juma'a ta wuce, wata ta wuce, ba ni a masallaci, sai ya zo ya buga ƙofa. Na ƙi buɗewa. Washegari ya dawo da Mahamat. Suka zauna a bakin ƙofata, a ƙasa, cikin sanyi, suna hira tsakaninsu kamar ba ni. Labarin Tawa, labarin raƙuman kakan Mahamat. In za su tafi su ajiye kwano. Haka kullum. Ran nan Mahamat ya ba da wani labari na ji na yi dariya ni kaɗai a cikin bargo. Haruna ya ce, 'To, mun ji ka. Buɗe mu sha shayi.' Na buɗe."

"Sai shayi ya warkar da kai?"

Ya yi murmushi. "A'a. Haruna ya ce su ba likitoci ba ne. Su suka kai ni wajen likitar jami'a, kowane zuwa da mai raka ni, ya zauna a waje har in fito. Na sha magani wata da watanni. Har yanzu ina ganinta jefi-jefi. Shekarar ta riga ta lalace, amma ni na tsira."

"Me ya hana ka faɗa mini? Ni fa aikin likita na yi."

"Kun sayar da filinku don in zo. Ta yaya zan ce muku na kasa tashi daga gado?"

Na san wannan ciwon. Na gan shi a jikin masu jego, mace ta haihu lafiya ta juya wa bango fuska, dangi su ce iska ce. Na sha zama bakin gadonsu. Ban taɓa kawo shi ga ɗa namiji ba, balle nawa. Na tuna yinin da na yi ni kaɗai a gidan Hadiza, na ɗora shi a kan wata uku na duhu da sanyi, sai na gane abin da ya sha.

Wani dogon jirgin ruwa ya zo ya wuce, wata mata tana shanya a bisansa.

"Ka fara haɗa kayan?" na tambaye shi.

"Na fara."

"Ka kwance."

Ya juyo.

"Amma da sharaɗi. Likitar nan ba za ka daina zuwa ba sai ita ta sallame ka. In abin ya sake taɓa ka, ni za ka fara faɗa wa, ko Haruna ya faɗa mini. Karta kuma ban ce ina sonta ba. Sukarin nan a rage shi."

"Sukarin ne zai yi wuya, Inna," in ji shi, yana dariya yana share ido.

A nan bakin ruwa na kira Malam. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ba ni shi." Ban san abin da ya faɗa masa ba, na dai ga Laminu yana gyaɗa kai yana cewa, "Na'am, Baba. Na'am."

Komawa

Ranar da zan tafi fada duka ta rako ni tasha, har Haruna, wanda ranar ce farkon fitarsa. Na bar musu sauran kuka da yaji da daddawa, na koya wa Mahamat yadda ake kaɗa miya ba gudaji. Haruna ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ban samu na yi wa babana rakiya ba, amma na samu uwa ta zauna mini makoki. Allah Shi biya ku." Na dafa kansa. Jirgi ya ja, suna ɗaga hannu, Laminu a tsakiyarsu, har sai da na kasa bambanta shi da sauran.

Hadiza ba ta ji daɗi ba da farko, ta ce ta sayi labule a banza. Da na ba ta labari ta zauna bakin gadon, sannan ta ce ɗakin yana nan, in an yi hutu ya zo da abokansa ko su nawa ne.

Daga Paris sai Kazablanka, sai Yamai, sai doguwar hanyarmu. Hatsin da na bari ana shukawa ya fito ya kai gwiwa. Na iso Damagaram da yamma, ana yayyafi. Sakamakon jarrabawar bana bai fito ba tukuna, muna jira, muna addu'a.

Ban gama cire takalmi ba waya ta fara ƙara. Mahamat ne: "Mama, kun sauka lafiya?" Na ajiye, ɗan Garwa ya kira. Sai na Agadas, sai Haruna. Malam yana zaune bisa tabarma yana kallona.

"Wai su wane ne haka?"

"Ƴaƴanka ne," na ce. "Ka shirya, sun ce kai ma sai sun gaishe ka."

Laminu ne ya kira na ƙarshe, yana ba da haƙuri wai layi ne ya ƙi shiga, ƴan'uwansa sun tare.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Hadiza da mijinta, da ɗan'uwana na Yamai, da duk wanda ya leƙo Malam da abinci ba na nan. Samarin Bakin Ruwa kuwa, ba ni da abin da zan biya su. Allah Ya jiƙan mahaifin Haruna, Ya ba su abin da suka je nema, Ya maido mana da su gaba ɗaya.